Wa Ya Kamata A Ɗora A Sikeli? Martani Ga Mai Son Auna Yaran Dangora

A 'yan kwanakin nan wani malami ɗan yankinmu ya fitar da maƙala yana kira ga makarantun sakandare na Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa da su shigo da sabon darasi, wato kowane ɗalibi ya koyi auna nauyin da shi kansa yake ɗora wa muhalli. Zan fara kawo hujjojinsa yadda ya tsara su, don kada a ce na yi masa ƙwange.

Malam ya ce a raba wa yara takardar tambayoyi. Itace nawa ake ƙonawa a gidanku a mako? Leda nawa kuke yarwa? Sau nawa kuke cin nama? Da me kake zuwa makaranta? A tattara amsoshin, a fitar wa kowane yaro da makinsa na sawun kabon, wato yawan hayaƙin da rayuwarsa take fitarwa, a liƙa a jikin allo, ƙarshen zango a duba wanda ya fi rage nasa a ba shi kyauta. Dalilansa kuwa su ne: abin da ba a auna ba, ba a iya gyara shi, lalacewar duniya tarin ɓarnar ɗaiɗaikun mutane ce, don haka gyara ma daga ɗaiɗaiku zai faro, yaro zai kai darasin gida, uwa ta ji nauyin ɗanta ta rage itace, sannan yaran nan su ne masu motoci da na'urorin sanyaya ɗaki na gobe, gara a tanƙwara su tun yanzu. Ya rufe da cewa makarantun ƙasashen da suka ci gaba sun daɗe suna yin haka, mu ne aka bari a baya.

Ba na musun akwai ɓarna. Duk wanda ya bi titin da ya tashi daga Kwanar Dangora ya ratsa Tudun Wada ya shiga dajin Falgore, ya ga kututture a inda da can inuwa ce. Leda ta toshe magudanai, mahauta kuma suna ciro ta a dunƙule daga tumbin shanu da awaki. Damuwar Malam a kan hanya take. Inda muka rabu da shi shi ne sikelin da ya ɗauko, da kuma wanda ya zaɓa ya ɗora a kai.

Sikelin nan yana da tarihi, kuma Malam bai faɗa wa masu karatunsa ba. A farkon shekarun 1990 ne William Rees da ɗalibinsa Mathis Wackernagel, a wata jami'a da ke Bankuba ta ƙasar Kanada, suka ƙirƙiro lissafin da ke nuna yawan ƙasa da ruwan da ake buƙata don ɗaukar nauyin cin wata al'umma. Tambayarsu mai kyau ce: birni kaza, hekta nawa na gonakin wasu da dazuzzukan wasu yake cinyewa? Amma wanda ya mayar da abin na mutum ɗaya, ya tallata shi har ya shiga bakin kowa, kamfanin mai ne na BP. A 2004 ya ɗora na'urar lissafin sawun kabon a shafinsa na intanet, ya zuba maƙudan kuɗi wajen talla ta hannun kamfanin Ogilvy & Mather, yana tambayar mutanen kan titi ko sun san girman sawunsu. Shekara shida bayan haka, a 2010, rijiyar man wannan kamfani ta yi bindiga a Tekun Meziko, ma'aikata 11 suka mutu, ɗanyen mai ya yi kusan wata uku yana kwarara cikin teku. Mai haƙo man ne ya koya wa duniya cewa laifin yana wuyan mai sayen lita biyu. Yanzu kuma ana so mu ɗauko wannan darasi mu kai shi aji uku na ƙaramar sakandare a Kiru, mu ce ci gaba ne ya iso.

To, mu ɗauka asalin abu ba ya ɓata amfaninsa. Mu gwada shi mu gani. Na'urorin lissafin da ake amfani da su a makarantun da Malam yake sha'awa suna tambayar awa nawa ka yi a jirgin sama a bana, kilomita nawa kake yi da motarka a mako, girman gidanka, da ko kullum kake cin naman shanu. Ka miƙa wa yaron da ya tako daga ƙauye da silifa, ya karya da ɗumame, wannan takarda. Me zai rubuta? Ɗan Nijeriya, in aka raba daidai, hayaƙin kabon ɗin da yake fitarwa a shekara bai kai tan ɗaya ba, wajen rabin tan ne da 'yan kai. Ba'amurke yana fitar da wajen tan 14. Ɗan Katar ya haura 30. Wannan rabin tan ɗin ma an haɗa ne da na masu janareto uku a Legas da Abuja, da masana'antun siminti, kafin a raba. Rabon ɗan ƙauyen Doguwa a ciki sai an sa tabarau. Masu wannan lissafi da kansu suna cewa da kowa zai rayu irin rayuwar Amurka, da sai an nemo duniya kusan biyar, da kuwa kowa zai rayu irin ta matsakaicin ɗan Nijeriya, wannan guda ɗayar ta isa har da saura.

Saboda haka ɗayan biyu ne zai faru a ajin Malam. In an yi lissafin da gaskiya, wanda zai lashe kyautar gwarzon muhalli shi ne marayan da rabonsa da nama tun Babbar Sallah, wanda gidansu babu wuta, wanda bai taɓa shiga mota ya wuce Kwanar Dangora ba. Za a kira shi gaban taron makaranta a tafa masa saboda yunwa. In kuma an karkata lissafin ya koma kan itace, kamar yadda takardar Malam ta nuna, to ɗan mai kuɗin da ake dafa masa abinci da gas, ake kawo shi a mota, shi zai fito fes, ɗiyar mai dakau kuma a liƙa sunanta a ƙasan allo a matsayin wadda ta fi kowa ɓata duniya. Wanne daga ciki Malam yake so yara su ɗauka su tafi da shi gida?

Batun kai darasi gida shi ne ya fi tsaya mini a rai, domin a nan ne shawarar ta tashi daga rashin amfani ta koma cutarwa. Malam yana zaton uwar da ke hura wuta da itace ba ta san hayaƙi ba ne, sai ɗanta ya zo da takarda ya sanar da ita. Ita ce fa take durƙushe gaban murhu tun asuba, idonta na ruwa, goyonta na tari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gida yana kashe mutum wajen miliyan 3 a shekara a faɗin duniya, kuma mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙarsa. Babu wadda ta zaɓi wannan don marmari. Kananzir ya daɗe da fin ƙarfin talaka. Bayan cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 komai ya tashi, kilon gas ya haura naira dubu, har gidajen ma'aikata a cikin birnin Kano da suka saba da gas suka jingine tukunyar suka koma gawayi. In ma'aikaci mai albashi ya gudu, matar manomi a ƙauyen Bebeji ta koma ina? Idan yaro ya shigo ya ce, "Inna, malaminmu ya ce itacen nan da kike ƙonawa shi ke kashe duniya," amsar da zai samu ita ce ya je ya ce wa malamin ya aiko da abin da za a dafa tuwon dare. Kuma gaskiyarta.

A je Tudun Wada a ga matan da ke turara shinkafa. An jiƙa shanshera ta kwana, an ɗora rabin duro a kan murhu, ana tura itace, tururi na tashi, a sauke a baza a shanya, a kai inji. Da wannan sana'a ake biyan kuɗin makarantar yaran da za a ba takardar tambayoyin. Itacen da take ci yana da yawa, ba shakka. Amma ga ɓuntun shinkafa nan tsibi-tsibi a bayan injina, kuma akwai murhun da ke aiki da shi, akwai tukwanen turara da ke cin itace kaɗan. Abin da ya tsaya tsakanin matan nan da waɗannan kaya jari ne da maƙerin da zai ƙera su a kusa kan farashin da za a iya. Makin da aka rubuta wa 'ya'yansu a allo ba ya sayen ko marfin tukunya.

Wani abin da ya ba ni mamaki shi ne a ce za a koya wa gidan manomin Kano tattali. Gidan da karan dawa yake zama danga, in ta tsufa ta zama makamashi, tokar ta tafi gona. Harawa da dusa na dabbobi ne, kashinsu taki ne. Tuwon jiya ɗumame ne, na gindin tukunya ƙanzo ne. Tsohuwar tayar mota ta zama takalmi, tib ɗinta ya zama guga, gwangwanin madara ya zama ma'auni, buhun taki ya zama shimfiɗar shanya, kwalbar magani ta koma ta man gyaɗa. Abin da ya gagari gida, 'yan gwangwan su saye su kai birni a narke. Tun kafin a san kalmar muhalli a rediyo, jakuna suke fitar da shara da toka daga cikin birnin Kano zuwa gonakin karkara. Malamin islamiyya kuma ya riga malamin boko gaya wa yaro cewa almubazzaranci haramun ne, ko da a ruwan alwala. Waɗanda suka ƙirƙiro na'urar lissafin suna kashe kuɗi suna taruka don su koyi rabin abin da kakar yaron nan take yi ba tare da ta san yana da suna ba.

Sai hujjar cewa ɓarnar duniya tarin ɓarnar ɗaiɗaiku ce. A lissafin allo haka ne. A zahiri ɗaiɗaikun ba girmansu ɗaya ba. Ƙungiyar Oxfam ta fitar da rahoto a 2023 cewa a shekarar 2019 kashi 1 cikin 100 na masu kuɗin duniya sun fitar da hayaƙi daidai da na mutum biliyan 5 mafi talauci. Wani binciken da aka wallafa a 2017 ya gano cewa kamfanoni 100 masu haƙar mai da gas da kwal su ne tushen kashi 71 cikin 100 na hayaƙin masana'antu tun daga 1988. Nahiyar Afirka gaba ɗaya ba ta kai kashi 4 cikin 100 na hayaƙin man fetur da kwal na duniya ba. A cikin gida ma, doka ta haramta ƙona gas a banza a rijiyoyin mai tun daga 1984, amma har yau wutar tana ci dare da rana a yankin Neja Dalta, Nijeriya na cikin ƙasashe goma da suka fi kowa wannan ɓarna. Ana ƙona gas a sararin sama a kudu, mace a Doguwa tana neman ƙirare, kuma ita ce za a ba maki. Wannan shi ne a bar jaki a daki taiki.

Ko a yankinmu, manyan canje-canjen muhalli ba daga kicin suka fito ba. Dam ɗin Tiga da aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo ya tare ruwa kusan kubik mita biliyan 2 a ƙasar Bebeji. Ya kawo noman rani a Kadawa da Kura, ya shayar da birni, wannan alheri ne da ba mai musunsa. Shi ne kuma ya rage ambaliyar da fadamun Haɗeja da Nguru suke rayuwa a kanta, masunta da makiyaya da manoman can suka ɗanɗana. Shawarar 'yan mutane ce a ofis ta juya rayuwar dubban ɗaruruwa, ta alheri da ta akasinsa. Haka ruwan sinadarin da masana'antun fata na Challawa da Sharaɗa suka daɗe suna saki. Ɗalibin da aka horar ya ɗauka cewa muhalli yana nufin ledar da ya yar, yaushe zai koyi tambayar wa ya sa hannu a takarda?

Game da itacen kansa, akwai binciken da ya kamata duk mai magana a kan wannan batu a Kano ya sani. Michael Mortimore, masanin labarin ƙasa da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, shi da abokan aikinsa sun wallafa bincike a 1990 a kan itacen girki a Kano. Ana ta hasashen cewa yawan jama'a zai share bishiyoyin da ke kewaye da birni. Sai suka tarar a gonakin karkarar da ta fi cunkoso bishiyoyi ba su ragu ba, manoma suna sassabe reshe suna barin uwa, domin ɗorawa da kuka da tsamiya dukiyarsu ce. Itacen da birni yake ci kuwa, motoci ne suke ɗauko shi daga dazuzzuka masu nisa. Ma'ana, bishiyar da take da mai ita ta tsira, dajin da ba na kowa ba shi ake yi wa aski don gidajen burodi da masu tsire da dillalan gawayi. Mu a kudancin Kano mu ne a bakin irin waɗannan dazuzzuka, Falgore da Dansoshiya. Gatarin da ke cin su na kasuwa ne, yana da mota, yana da dillali, yana wuce shingaye a kan titi. Takardar Malam ba ta da tambaya ko ɗaya a kan wannan.

Sai a dubi Maraɗi. A farkon shekarun 1980 gonakin can sun zama fili, iska na kwashe ƙasa. An yi ta dashen itatuwa suna mutuwa. Daga 1983 wani ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya fara jan hankalin manoma su daina tumɓuke tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture, su zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi su rene su. Manoma suka kira abin sassaben zamani. Da farko ba a karɓe shi ba, domin a dokar da aka gada daga Faransa itace na gwamnati ne, mai gona na iya shan tara a kan bishiyar da ke cikin gonarsa. Da wannan riƙo ya sassauta, manomi ya tabbata gawon da ya rena nasa ne, sai abin ya bazu daga gona zuwa gona. Yau ana maganar hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a jihohin Maraɗi da Damagaram. Hausawa ne 'yan'uwanmu, matalauta ne fiye da mu, kuma babu wanda ya ba su maki. An ba su haƙƙi da dabara, suka ga riba.

Hujjar da ta fi ƙarfi a maƙalar Malam ita ce ta gobe, cewa wasu cikin yaran za su yi arziki. Allah ya sa. Amma mafi yawansu abin da suke buƙata a shekaru ashirin masu zuwa shi ne su ƙara ci: ƙarin nama da ƙwai, wutar da za a yi karatun dare, firjin da zai ajiye allurar rigakafi a asibitin ƙauye, injin ban ruwa. In ƙasar nan ta yi abin da ya dace, sawun yaron Dangora dole ya ƙaru kafin ya daidaita. Darasin da ke ɗaukar ƙaruwar nan a matsayin faɗuwa jarrabawa yana koya wa talaka ya ji kunyar fita daga talauci. Wanda kuma zai yi kuɗin, abin da zai hana shi ɓarna shi ne tarbiyya da dokar da ke aiki a kan kowa. Ƙasashen da suke cika wannan takarda a makarantu har yau suna cikin manyan masu hayaƙi.

Na yarda da Malam a kan abu ɗaya, kuma da gaske nake: a koya wa yara awo. Amma a juya sikelin ya fuskanci abin da jama'a suka haɗa, abin da kuma za a iya kai ƙararsa wani wuri. Ɗalibai su zaga gonakin unguwarsu su ƙirga ɗorawa da kaɗanya da kirya da gawo, su tambayi dattawa nawa ne a da, ajin baɗi ya sake ƙirgawa. Su ɗaura ƙulli a igiya su auna zurfin ruwan rijiyar gari a ƙarshen damina da kuma tsakiyar bazara. Su kafa gwangwani mai ma'auni a filin makaranta su riƙa rubuta ruwan sama. Su ɗora tukunya biyu masu ruwa daidai, ɗaya a murhun duwatsu uku, ɗaya a murhun laka mai rufi da suka gina da hannunsu, su auna itacen da kowanne ya ci. Wannan sakamakon uwa za ta saurare shi, domin kuɗin cefane zai rage mata. Su zauna a gefen titi tare da malaminsu su ƙirga motocin itace da na gawayi da ke fitowa ta Kwanar Dangora suna nufar Kano ko Zariya a yini guda. Lissafi ne, kimiyya ce, labarin ƙasa ne, kuma ba a kunyata ɗan kowa ba. In an tara alƙaluman, a rubuta su da Hausa, a kai wa dagaci da hakimi da kansila da shugaban ƙaramar hukuma, a karanta a taron iyaye da malamai. Nijeriya ta yi alkawari a Gilasgo a 2021 cewa za ta daidaita hayaƙinta nan da 2060, ta kuma kafa dokar sauyin yanayi a wannan shekarar. Yaron da ya iya riƙe alƙalumman garinsu shi ne zai iya tambayar me ya iso Kiru daga cikin waɗannan alkawura.

Matsayina ke nan: ban yarda a liƙa wa ɗan talaka maki a kan abin da ba shi da zaɓi a cikinsa ba, kuma ina roƙon shugabannin makarantun yankin nan kada su karɓi shawarar a yadda take. In kuwa Malam ya dage sai an cika takardar mutum ɗaya-ɗaya, ba laifi, a buga ta da yawa. Sai dai a fara rabonta daga masu yawo da ayarin motoci goma, da masu zuwa Dubai sayayyar biki, da masu gidajen da janareto ba ya mutuwa. Ɗaliban Dangora su riƙe biro su yi tambayoyin, Malam kuma ya taimaka musu da haɗa makin, a liƙa a ƙofar sakatariya.